Daga imel ɗin farko zuwa mayar da alkyabba: yadda na karɓi digirina a zauren Sheldonian na Oksfod

Sau biyu na shiga zauren Sheldonian da kayan doka a jikina, ranar da jami'ar Oksfod ta karɓe ni da ranar da ta sallame ni. Duka biyun na shiga ne da ruɗani, kuma rabin ruɗanin ni na jawo wa kaina saboda rashin karanta takarda har ƙarshe. Wata ƙanwa da ta samu gurbin karatu bana ta dame ni da tambayoyi, na ga gara in rubuta abin daki-daki yadda ya faru, ko wani ya huta da wahalar da na sha.

Shigar farko ita ce ta rajista. Ana yin ta ranar Asabar ta ƙarshen makon farko na zangon Oktoba, kuma sai an yi ta mutum yake zama ɗan jami'ar a hukumance. Kwana uku kafin ranar na je wani shago a tsakiyar gari na sayi alkyabbar ɗaliban digiri na biyu, da hula mai faifai, da baƙin ribon na ɗaura wa wuya. Duka ba su kai fam 50 ba a lokacin. Alkyabbar ba ta da hannu, tana tsayawa wajen gwiwa, sai wasu dogayen ƙyallaye biyu da suke reto daga kafaɗa. Kayan da ake sawa a ƙarƙashinta suna da suna na Latin, sub fusc, wato masu duhun launi: farar riga, baƙin siket ko wando, baƙar safa, baƙin takalmi. Tun 2012 aka daina raba wa maza nasu mata nasu, kowa ya zaɓa daga cikin jerin. Mai sa ɗankwali ko hijabi saboda addini ba a hana ta, amma baƙi ake so. Wannan layin ne ban karanta ba. Na fito da safe da hijabi shuɗi mai duhu ina jin na haɗu, sai maƙwabciyata a ɗakin kwana ta dube ni ta ce in koma in sake. Da gudu na hau bene, na dawo ana kiran sunaye. Muka jera daga kwalejinmu har zauren, muka tsaya a sanyi kusan awa guda ana jiran rukunin da ke gabanmu su fito. Da muka shiga, abin bai wuce minti goma sha biyar ba. Shugaban jami'a ya karanta jimla ɗaya da Latin, ma'anarta ku sani yau an shigar da ku kundin jami'a kuma dokokinta sun hau kanku, ya yi ɗan jawabi da Turanci, aka buɗe ƙofa. Ko rufin ban ɗaga kai na kalla ba, ina ta lura da hular da ke hannuna kada ta faɗi.

Ban gama sabawa da gari ba sai ga imel wai in zaɓi ranar bikin karɓar digiri. Dariya na yi. Ko jarrabawa ɗaya ban rubuta ba, ina ni ina zancen biki? Na bar shi a akwati kusan mako biyu. Abin da ban gane ba shi ne a Oksfod babu rana ɗaya da ake yaye kowa. Zauren ba ya ɗaukar dubbai, don haka ana yin bikin sau da yawa a shekara, kowace kwaleji da ranakun da aka ware mata da adadin kujerunta. Da na waiwayi imel ɗin, ranar da ta fi dacewa da ni ta cika. Na tafi ofishin karatu na kwalejinmu da sassafe, wata mata mai haƙuri ta buɗe kwamfuta ta nuna mini abin da ya rage, ta kuma yi mini tambayar da ban yi wa kaina ba: yaushe bizarki za ta ƙare? A ƙa'idar Birtaniya, wanda kwas ɗinsa ya kai wata 12 ana ƙara masa wata huɗu bayan kammalawa, wanda nasa yake tsakanin wata shida da ƙasa da 12 kuma wata biyu ne kawai. Nawa na wata 12 ne, yana ƙarewa a Satumba, don haka ranar Nuwamba ta faɗo cikin kwanakina. Da na ɗauki ta bazara mai zuwa, sai na nemi wata bizar kafin in halarta. Ta kuma gargaɗe ni a kan akwatin da aka rubuta in absentia, wato a ba ka digiri ba ka nan. Wanda ya zaɓi wannan ya samu digirinsa, amma ba zai dawo daga baya ya ce a yi masa biki a kan digirin nan ba. Na san wanda ya danna shi don yana gaggawar takardar neman aiki, har yau mahaifiyarsa tana yi masa gori.

Wajen watan Afrilu, karatu ya ishe ni, na biya 'yan fam kaɗan na shiga zauren a matsayin mai yawon buɗe ido. Wannan ziyarar ce ta sa na fahimci bikin kafin ranarsa, kuma ina ba kowa shawarar ya yi ta. An gina shi tsakanin 1664 da 1669. Kafin nan a cocin jami'a na St Mary ake bukukuwan, kuma bukukuwan wancan zamanin akwai hayaniya da shaguɓe da ba su dace da wurin ibada ba, shi ya sa aka nema musu ɗaki na daban. Gilbert Sheldon, babban limamin Kantabari wanda ya zama uban jami'ar, shi ya biya kuɗin daga aljihunsa, sunansa kuma ginin ya ɗauka. Wanda ya zana shi, Christopher Wren, a lokacin farfesan ilimin taurari ne, shekarunsa talatin da 'yan kai, bai yi suna a gini ba tukuna. Babban cocin St Paul na Landan da aka fi saninsa da shi sai bayan gobarar 1666 ya zo. Ya ɗauko siffar daga dandalin wasan Marcellus na tsohuwar Roma, gefe ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar kofaton doki, kujeru hawa-hawa suna kallon tsakiya. Matsalar ita ce dandalin Romawa ba shi da rufi, Ingila kuwa ruwan sama ba ya neman izini. Dole ya rufe faɗin ƙafa 70, kimanin mita 21, kuma bai yarda ya dasa ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba don kada ya tare wa mutane gani. Sai ya harhaɗa katakai a sama suna riƙe juna, nauyin ya sauka a kan bango. An sake rufin a 1802, amma filin yana nan fayau babu ginshiƙi.

A ranar ce na ɗaga kai. Silin ɗin zane ne guda da aka haɗa daga allo 32, aikin Robert Streater. An zana sararin sama a buɗe, da wasu yara masu fukafukai suna naɗe jar rumfa zuwa gefe, har da igiyoyi masu ruwan zinariya da suka gitta kamar na ɗaure rumfar gaske, don wanda ke ƙasa ya ji kamar a fili yake zaune irin na Romawa. A tsakiya Gaskiya ce take saukowa kan fannonin ilimi, a wani gefe kuma ana tunkuɗo Jahilci waje. An sauke allunan an gyara su, aka mayar a 2008. Na hau matattakala har ɗakin da ke saman silin ɗin, wani fili mai faɗi inda maɗaba'ar jami'a take ajiye littattafanta kafin ta koma ginin Clarendon da ke maƙwabtaka a 1713. Daga nan wata 'yar matattakala ta kai ni ƙubbar da ke can ƙololuwa, mai kusurwa takwas, wadda aka yi a 1838. Ta tagoginta garin gaba ɗaya yana tafin hannunka. Na sauko ƙafafuna suna rawa, amma na gane abu ɗaya: ɗakin nan majalisa ce, an gina shi ne don kowa ya ga kowa.

Daga Yuli sai zancen baƙi. Tikiti biyu kwalejinmu ta ba kowane ɗalibi, mu kuwa mutum uku nake jira: Baba, Inna, da Yayana da yake aiki a wani gari a arewacin Ingila. Na sa sunansa a jerin masu jiran ragowar tikiti, aka ce sai ranar za a sani. Ga su Baba kuma, ofishin kwaleji ya ba ni wasiƙa mai tabbatar da ranar biki da sunana, na haɗa da tawa wasiƙar gayyata da hoton fasfona da shaidar masaukin da na kama musu. Kuɗin bizar ziyara fam ɗari da 'yan kai ne kowane mutum, amsa kuma takan ɗauki kamar mako uku bayan an ɗauki hoton yatsu. Tasu ta fito lafiya, sai dai na yi kuskuren jinkirta kama masauki. Oksfod ƙaramin gari ne, ƙarshen makon da ake biki ɗakuna suna tsada suna kuma ƙarewa, sai a bayan gari na samu, muka riƙa shiga bas.

Sakamako ya fito a ƙarshen Satumba, na ɗauka an gama. Sai ga wani imel yana tunatar da ni cewa duk wanda ake bi bashi ya biya kafin ranar. Kwaleji tana da lissafin abinci da haya da suke kira battels, na je ofishin kuɗi na share nawa. Ashe akwai tarar fam huɗu a wani ɗakin karatu, ta littafin da na mayar a makare tun lokacin sanyi na manta. Na biya ina jin kunya. Daga nan na koma shagon alkyabba na yi hayar kayan digirin kansa, baƙar alkyabba mai ado a hannu da ƙoƙuwarta ta siliki, shuɗi mai haske da ruwan toka, launin masu digiri na biyu a fannin kimiyya. Hayar ta ɗan haura fam 40. A nan mutane da yawa suke rikicewa: kaya biyu ake bukata. Da tsohuwar alkyabbarka ta ɗalibi za ka shiga zauren, sabuwar sai an ba ka digirin za ka saka. Na ga wani da ya riga ya kyautar da tsohuwar tasa, ya kwana yana neman aro.

Saura mako biyu Baba ya kira ni, muryarsa ba yadda na saba ji ba. Ya ce, "Ke, wani abokina ya ce a wurin nan durƙusawa ake yi a ɗora wa mutum littafin Kirista a ka. Haka ne?" Na ce, "Baba, ban ji haka ba, amma ka yi haƙuri in tambayo." Ya ce, "Ki tambayo da kyau. Digiri ba ya kai wannan." Ban yi barcin kirki ba a daren. Washegari na nemi malamin da kwaleji ta ɗora wa aikin gabatar da masu karɓar digiri, wani dattijo mai son zance. Ya zaunar da ni ya warware mini. Abokin Baba bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. Durƙuson da taɓa kai da Sabon Alkawari na wasu tsofaffin digirori ne kawai, kamar MA na Oksfod, wanda ake ba masu digirin farko na jami'ar bayan zango 21 da rajistarsu ba tare da wata jarrabawa ba, da manyan digirorin tauhidi da shari'a da likitanci. Ko su ɗin ma, wanda ba Kirista ba yana da damar ya nemi a karɓe shi da lafazin da babu addini a ciki, in ya sanar tun da wuri. Irin nawa digirin a tsaye ake karɓa. Na tambaye shi sunkuyon da na ji ana yi, ya miƙe ya gwada mini, ɗan rusunar da kai ne na gaisuwa, sau uku. Na kira Baba na mayar masa kalma da kalma. Ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ranar biki mun isa kwaleji awa uku kafin lokaci. Aka duba sunaye, aka duba kayan kowa tun daga wuya har safa, aka karɓi sababbin alkyabbunmu za a kai mana gaba. Dattijon nan ya jera mu ya koya mana kalmomi biyu da za mu furta, do fidem, wato na ba da alkawarina, muka maimaita har ya gamsu. Tikitin Yaya bai samu ba. Ya ce ba komai, zai jira a waje, ya raka su Baba layin baƙi. Wanda duk zai kawo tsoho ya sani cewa bencinan zauren na katako ne, masu tauri, matattakalar hawa sama kuma tana da tsayi da ƙunci. Na riga na sanar da kwaleji cewa Inna tana fama da gwiwa, aka ba su wuri a ƙasa. Wannan ma sai ka nema tun da wuri.

Muna zaune aka buɗe babbar ƙofa, masu riƙe da sandunan girma suka shigo a gaba, shugaban jami'a a baya, sai jami'ai biyu da ake kira furokta, masu kula da da'a, waɗanda ake zaɓa daga cikin malamai duk shekara. Shugaban ya hau kujerarsa a tsakiyar lanƙwasar, furokta ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya yi jawabi da Turanci, daga nan komai ya koma Latin. An raba wa baƙi ɗan littafi mai fassara, na hango Baba ya sa tabarau yana bin layi da yatsa. Abin da ya fi ɗaure wa baƙi kai shi ne tafiyar furokta. Bayan an karanta sunayen masu neman wani digiri, sai su biyun su tashi su taka a gaban wakilan kwalejoji, su je su dawo, babu mai cewa uffan, su koma su sanar cewa an amince. Inna ta ce ta ɗauka wani abu suka yar suke nema. Ƙuri'a ce ake kaɗawa. A asali taron nan zaman majalisar malaman jami'a ne, mu kuma masu roƙo ne, shirun da aka yi shi ne yarda. Ana ba da labarin cewa a da mai ƙin amincewa da wani ɗalibi yakan ja hannun rigar furokta in ya zo wucewa. Sanin haka ya sa, duk da na san al'ada ce kawai, sai da gabana ya faɗi da suka wuce ta gaban dattijon kwalejinmu. Tarar fam huɗun nan ce ta faɗo mini a rai.

Da aka zo kanmu muka fito sahu-sahu. Dattijon ya kama hannun daman wanda yake farkon sahu, ya gabatar da mu da Latin, muka rusuna sau uku yadda ya koya mana. Furokta ya karanta mana alkawarin kiyaye dokokin jami'a, muka amsa do fidem, muryoyinmu ba su haɗu ba ko kaɗan. Shugaban ya furta kalmomin karɓa. Shi ke nan. Ba a kira ni ni kaɗai na hau dandamali ba, ba a miƙa mini takarda ba, ba wanda ya girgiza mini hannu. Aka fitar da mu ta ƙofar gefe, muka tsallaka tsakar gida zuwa tsohuwar makarantar tauhidi, ginin da aka fara a 1427 aka gama a 1483, mai rufin dutse da aka sassaƙa kamar saƙar hannu. Ƙofar da take fuskantar zauren Wren ne ya huda ta a 1669 don jerin gwano ya riƙa wucewa kai tsaye. A can aka tara sababbin alkyabbunmu, kowace da suna. A nan na gamu da matsalar da babu takardar da ta ambata. Ƙoƙuwar tana da ɗan madauki a gaba da ake maƙalawa a maɓallin riga, nawa maɓallin kuwa yana ƙarƙashin hijabi. Da na saka sai ta zame baya ta shaƙe ni. Allah ya taimake ni da fil guda biyu da Inna ta cusa mini a hannu da safe tana cewa, "Riƙe, ba a san abin da rana za ta yi ba." Wata 'yar ajinmu ta kafe mini ita a kafaɗu biyu, muka koma layi.

Sai aka buɗe mana babbar ƙofa, wadda shugaban ya shigo ta cikinta. Muka shiga da sababbin launuka, zauren ya ɗauki tafi daga ƙasa har sama. Saboda yadda kujerun suka kewaye fili, duk inda ka juya fuska ce take kallonka. Na hango Inna tana share ido da gefen mayafi, Baba kuma ya ajiye ɗan littafinsa yana tafi a hankali irin na wanda bai saba ba. Na rusuna wa shugaban, na koma mazaunina, sai a sannan na ɗaga kai na dubi jar rumfar da yaran nan suke naɗewa.

Duka bikin ya ɗauki kamar awa ɗaya da rabi. Yaya muka tarar a bakin titin Broad, jingine da shingen da manyan kawunan dutse 13 suke kai, kowanne da irin gemunsa. Wasu suna ce musu sarakunan Roma, wasu masana falsafa. Waɗanda suke nan yanzu sahu na uku ne, an sassaƙa su a farkon shekarun 1970 bayan iska da ruwa sun cinye fuskokin na baya. Yaya ya ce ya ƙirga su ya fi sau goma, har ya zaɓi wanda ya fi kama da wani kawunmu. Baba ya tambaye ni ina takardar. Na ce tana kwaleji. Can muka same ta a cikin ambulan a kan tebur, bayan cin abincin rana, na sa hannu na karɓa.

In da zan sake, ranar da imel ɗin zaɓen rana ya shigo zan amsa shi, da fasfo a gefena ina duba ranar ƙarewar biza. Zan kama masauki a makon nan, ba zan jira bizar baƙi ba, tunda akwai wuraren da suke mayar da kuɗi in an fasa. Zan ajiye tsohuwar alkyabba, in zagaya ɗakunan karatu in tambayi ko ana bi na ko da fam ɗaya. Duk abin da ya shafi addini ko lafiyar baƙo zan kai shi ofishin kwaleji da bakina tun da sauran watanni, don duk abin da na tambaya an amsa mini, wanda na yi shiru a kansa ne ya ba ni wahala. Kuma zan yi wa iyayena bayanin tafiyar furokta tun a gida. A Nuwamba rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, don haka mai son hoto ya yi shi da an fito, kada ya ce sai an ci abinci. Mu mun yi namu a gurguje, muka nemi wuri muka yi Azahar da La'asar, sannan Yaya ya karɓi alkyabbar hayar ya ruga da ita shago kafin su rufe ƙarfe biyar. Sai da ya dawo na tuna fil ɗin Inna suna jikin ƙoƙuwar.